Takardar da Ta Riga Ni Zuwa Manchester

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci bayan la'asar sai an tsare ni a bakin ƙofa, in na zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya sai kowa ya ajiye zancen da yake yi ya juyo kaina. Wannan ya ce da gaske ne ba a ganin rana, wancan ya ce me na riƙa ci, wani kuma ya rage murya ya ce shin gaskiya ne na zauna teburi ɗaya da mutuniyar Isra'ila har mun sha shayi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, har da wurin da ba na son faɗa.

Ni malamin gona ne, a fadamu na ƙare ƙuruciyata kafin in yi ritaya. 'Yata Zuwaira, ita ce ta uku a gidana, ta samu tallafin karatu ta tafi Birmingham yin digiri na uku. Abin da take bincike a kai kuwa wani aiki ne da na sani kamar tafin hannuna. Shekarun baya an kawo aikin noman rani wani ƙauye da ake kira Kwarin Ɗorawa. Kuɗin na Amurka ne, ƙwararrun daga Isra'ila suka zo, manoman kuma namu. Siririn tiyo ake shimfiɗawa a jikin kunya, ruwa yana ɗiga a gindin kowace shuka, ba a ɓarnar ko cokali ɗaya. Ni aka ɗora a kan manoman. Rani biyu aka yi, aikin ya mutu.

Wata ranar Juma'a da hantsi Zuwaira ta kira ni. Ta ce akwai wani farfesa Ba'amurke mai suna Douglas da ya yi rubutu a kan aikin. Ya ce abin da ya kashe shi, manomanmu Musulmi ne, ba sa son duk abin da ya fito daga Isra'ila. Saboda haka yana ba Amurka shawara ta kwashe irin waɗannan ayyuka ta kai su inda ake shiri da Isra'ila.

Na ce, "To, ya yi ta rubutunsa mana. Wa ke karanta shi?"

Ta ce, "Baba, ana gayyatarsa Washington yana ba wani kwamiti shawara, kwamitin da ke yanke inda za a kai taimako. Yanzu haka ana sake duba ayyukan da ake shirin kawowa yankinmu. An shirya mana muhawara ni da shi a wata jami'a a Manchester. Kai ne kake wurin lokacin da abin ya faru. Ina so ka zo ka zauna a zauren, in an nemi shaida ka tashi."

Na ce to. Akwai abin da ya kamata in gaya mata a wannan wayar, ban gaya mata ba.

Kafin in tafi na je Kwarin Ɗorawa wurin Malam Ado, shugaban manoman a wancan lokaci. Ya shiga bayan rumbunsa ya zaro mini guntun tsohon tiyo, cikinsa cike da busasshiyar laka. Na naɗe shi a jarida na sa a akwati tare da kilishi da yaji da kuka da matata Hajiya ta ƙulla wa 'yarta. A raina na ce wannan tiyon shi zai yi magana, ni in huta.

Daga Kano jirgi ya kai mu wata ƙasar Larabawa, muka yi awa biyar a filin jirginsu ina ta tafiya a kan wata hanya mai tafiya da kanta, sai da ta kusa kayar da ni sau biyu sannan na koma taka ƙasa irin ta kowa. A Birmingham muka sauka da safe, sama kamar an lulluɓe ta da tsohon bargo. Ma'aikaciyar shige da fice da ta karɓi fasfona yarinya ce sa'ar Zuwaira, da hijabinta. Na ji daɗi na yi mata sallama, ta amsa, sai ta jefo mini tambaya da Turanci. Ni da na yi shekaru ina rubuta rahoto da Turanci, ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai da ta maimaita sau uku na gane cewa take me ya kawo ni. Na ce na zo ba da shaida ne. Fuskarta ta canja, ta ce a wace kotu? Da ƙyar na lalubo takardar gayyata daga aljihun rigata ta ciki. Ta karanta ta yi murmushi, ta ce 'yata ta burge ta, ta buga mini hatimi.

A wurin masu duba kaya aka gama da ni. Mutumin ya fara da kilishi, ya ce nama ba ya shiga. Na haƙura. Sai ya warware jarida ya ɗaga tiyon ya jijjiga, laka ta zubo a kan teburinsa mai ƙyalli. Ya ce mene ne wannan? Na fara yi masa bayanin noman rani tun daga tushe, shi kuma ya tsaya yana saurarona da ladabi har na kai ƙarshe. Sannan ya ce ya fahimta, amma ba a shigo da ƙasar wata ƙasa cikin ƙasarsu, don kada ta zo da cutar shuka. Ni malamin gona ne, na san gaskiya ya faɗa. Ina kallo ya jefa shaidata a wani baƙin buhu. Yaji da kuka kaɗai suka tsira.

Zuwaira tana jirana a waje cikin wata ƙatuwar riga kamar katifa. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban Turawa suna wucewa, sannan ta miƙe ta zura mini irin rigar tata a kan babbar rigata. Da na gaya mata labarin tiyo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ba komai, Baba, ai kai ka shigo."

A unguwar Handsworth take haya. Gidajen a jere suke, na jan bulo, kowanne manne da ɗan'uwansa, in ba ka riƙe lamba ba sai ka shiga gidan mutane. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar asalin Jamaika, ana ce mata Mama Beverly, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ita ta bar mini ɗakin ɗanta da ya yi aure. Matattakalar benen ƙunci gare ta, sai na tattare riga kamar mai tsallake rafi. Alwalar farko kuwa na sha wuya. Famfo biyu ne a bahon wanke hannu, ɗaya ruwansa kamar daga tukunya, ɗaya kamar daga ƙanƙara, babu na tsakani. Na riƙa tsalle da hannu daga wannan zuwa wancan, har Zuwaira ta ji ni ta kawo buta.

Da rana Mama Beverly ta ajiye mini faranti, na duba sai ga shinkafa da wake. Na ce wa Zuwaira ta tambaye ta wa ya koya mata abincinmu. Tsohuwar ta riƙe ƙugu ta ce abincin kakarta ne, mu ne za a tambaya inda muka samo. Nata da madarar kwakwa take dafawa. Na barbaɗa yajin Hajiya, na ba ta ta ɗanɗana, ta yi tari ta sha ruwa, ta miƙo hannu ta ce in ƙara. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai, duk maganar da za ta yi mini sai ta kira ni masoyi. Na ja Zuwaira gefe na ce wannan baiwar Allah ta san ina da iyali kuwa? Ta ce haka take kiran mai kawo wasiƙa da mai kwashe shara, har kyanwar maƙwabta.

Washegari muka hau bas mai bene zuwa Aston, inda jami'arsu take. A cikin bas kowa ya yi tsit, ba mai gaida wani, kamar an yi musu rasuwa. Amma in za su sauka, babba da yaro, sai ya juya ya yi wa direba godiya. Mu a gida mukan gaisa da kowa a mota har mu tambayi lafiyar awakinsa, amma ban taɓa jin wanda ya gode wa direba ba. Na ce kowa da inda ya ajiye ladabinsa.

A wani ɗakin shan shayi na ɗalibai na sake yi mata tambayar da ke cina. Na ce har yanzu ban gane yadda gardamar malamai za ta hana manomi ruwa ba.

Ta ce, "Baba, masu yanke hukunci a Washington ba su da lokacin zuwa Kwarin Ɗorawa. Akwai matasan ma'aikata da ke haɗa musu taƙaitaccen bayani, shafi ɗaya ko biyu. Su ma ba su da lokaci. Sai su nemi abin da wani babban farfesa ya rubuta, su ɗauki jimla ɗaya su saka. In jimlar ta shiga takarda ɗaya, gobe wani zai kwafe ta, jibi ta zama abin da kowa ya sani. Malaman sun rabu biyu. Wasu na cewa Amurka ta duba wa ke shiri da Isra'ila kafin ta taimaki ƙasar Afirka. Wasu na cewa a duba wa ke da buƙata. Duk ɓangaren da ya rinjaya a jami'a, bayan 'yan shekaru za ka ji maganarsa a bakin gwamnati."

Na kalle ta tana magana tana juya cokali a kofi. Yarinyar da nake ɗauka a bayan babur zuwa makarantar firamare ce.

Ranar Laraba muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Muna tashi Hajiya ta kira, na shiga ba ta labari da muryar da na saba kiran manomi daga wancan gefen fadama. Sai na ga duk taragon sun juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta nuna mini wani rubutu a jikin taga da ɗan yatsanta. Ashe taragon masu son shiru muka shiga. Na kashe waya na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ƙara tayar musu da hankali. Da shirun ya dawo, na ga tumaki a kore shar ɗin fili, na ji maganar nan da nake ɓoyewa ta taso mini har maƙogwaro. Na juya zan faɗa, na tarar Zuwaira ta duƙufa a kan takardunta tana motsa leɓe tana haddace jawabi. Na haɗiye.

A Gorton muka sauka, gidan Nasiru ɗan ƙanwata, likita ne a can. Matarsa Maimuna akanta ce, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, da kabewar da ta sayo a kasuwar unguwar. 'Ya'yansu mata biyu suka zo suka durƙusa suka ce ina wuni da kyau, daga nan Hausa ta ƙare, suka koma wani Turanci da ya fi na ma'aikaciyar filin jirgi wuya.

Muna cikin cin abinci Nasiru ya ajiye cokali. Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma abin nan yana damuna. Da abin da ake yi wa mutanen Gaza, kai kuma ka tashi a gaban Turawa ka yabi mutumin Isra'ila?"

Na ce, "Nasiru, abin da ake yi a Gaza nakan kasa cin abinci in na gani, kamar kowa. Amma mutumin da aka turo mana, Yosi sunansa, manoma suna ce masa Yusufa, da hannu yake cin tuwon dawa a gidan Malam Ado. In na ce sun kore shi na yi musu ƙarya, na yi masa."

Zuwaira ta ce, "Yaya Nasiru, ba yabon kowa za mu je yi ba. An ce manomanmu sun ƙi ruwa saboda ƙiyayya, kuma da wannan maganar ake shirin hana wasu ƙauyuka. Ita muke so a gyara."

Ya murza goshi. Can ya ce, "Gobe ina da ganin marasa lafiya da safe, amma zan nemi wani likita ya riƙe mini. Sai na ji da kunnena."

Zauren muhawarar bai kai girman masallacin unguwarmu ba, amma ya cika. Akwai wata mai kula da lokaci da katin rawaya da ja kamar alƙalin wasan ƙwallo, kuma ko farfesa ne in ta ɗaga ja sai ya yi shiru. Farfesa Douglas dogo ne, furfura fat, takalminsa ya sha jiki. Na zaci zan ga mugun mutum, sai na ga dattijo mai fara'a, har ya riƙe wa Zuwaira kujera ta zauna. Ɗalibai suna kiransa da sunansa gatsal, ba Farfesa ba Malam. A gefensu akwai mai magana ta uku, Dakta Tamar, malama daga wata jami'a a Isra'ila, gajeriya mai saurin magana.

Zuwaira ta fara. Ta kawo hirarrakin da ta yi da manoma, ta ce ba ɗaya da ya ambaci addini, duka laka suka ambata. Dakta Tamar ta biyo baya, ta ce ita ba ta son a mayar da ƙasarta mudun da za a auna wa ya cancanci ruwa a Afirka. Ta ce duk ƙauyen da aka hana taimako da sunan Isra'ila, an koya masa ƙin Isra'ila ke nan, ko da a da bai san inda take ba.

Sai Farfesa ya miƙe. Ya ce yana girmama binciken Zuwaira, amma mutane sukan gyara labari in shekaru sun wuce. Ya ce talakan Amurka ne ke biyan harajin da ake waɗannan ayyuka da shi, ba daidai ba ne a kai inda ba a so. Shi kuma ba da ka yake magana ba, yana da rahoton rufe aikin, wanda jami'in ƙasar da kansa, Musulmi ɗan yankin, ya tabbatar. Ya danna wani abu, shafi ya fito a allon bango, kowane harafi kamar tafin hannu. A ƙasan shafin ga sunana, ga sa hannuna.

Na ga Zuwaira ta kalli allon, ta juyo ta kalle ni. Wannan shafin ba ya cikin kwafin rahoton da ta samu a bincikenta. Nasiru da ke kusa da ni shi ma ya juyo.

Ban jira a kira ni ba. Na miƙe na ce da Turancina na tsofaffin ma'aikata, "Ni ne mai wannan sa hannun, kuma abin da ke rubuce a samansa ba gaskiya ba ne."

Mai katin ta duba agogo, ta duba Farfesa, ya yi mata alama ta bar ni. Na gaya musu ruwan fadamarmu laka gare shi. Akwai wata matatar ruwa da ake sawa a bakin injin don ta tare lakar, kuma Yosi ya yi ta gargaɗi cewa sai an riƙa canja ta. Da kwangilarsa ta ƙare ya tafi, ya bar mana takardar abin da za a yi oda. Takardar ta kwanta a ofishinmu ba wanda ya aika da ita, har tiyo ya toshe, shuka ta bushe. Manoma sun yi ta tsokane ramukan da ƙaya da allura suna neman ceton gonakinsu. Da lokacin rahoto ya zo, shugabana ya ce in aka rubuta sakacin ofis ne, za a kore mu duka, in aka ce jama'a ne suka ƙi, ba mai laifi. Ya miƙo mini biro.

Farfesa ya cire tabarau. Ya ce, "Me ya sa ka sa hannu?"

Na ce, "Tsoro. Ina da 'ya'ya a makaranta, ga ɗayarsu nan zaune kusa da kai. Na ɗauka takardar za ta ruɓe a kabad. Ban san za ta riga ni zuwa nan ba."

Farfesa ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce ya yi shekaru yana koyar da wannan shafin, ya karanta shi a gaban kwamiti a Washington. Bai sallama gaba ɗaya ba, ya ce yana da misalai daga wasu ƙasashe inda aka ƙi irin wannan aiki. Zuwaira ta ce, da murya a tsaye, to su ma sai a je a tambayi waɗanda suka sa hannu. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ta yi gaskiya. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar ke nan. Yarinya ta kayar da dattijo a bainar jama'a, ya gode mata.

Bayan an tashi aka kawo shayi da biskit, a nan ne na zauna da Dakta Tamar ɗin da kuke tambaya. Ta ce za ta yi ƙoƙarin nemo Yosi ta gaya masa ba a kore shi ba, don wataƙila shi ma ya karanta rahoton. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, ya kuma soke ni. Nasiru ya jawo kujera ya tare ta da maganar Gaza, ba sassauci. Ta ce ita ma ba ta goyon bayan gwamnatinta, har ɗan'uwanta ya daina yi mata magana, amma akwai abubuwan da Nasiru ya faɗa da ba ta yarda da su ba. Suka yi ta yi har shayinsu ya huce, ba wanda ya ja da baya. Da za ta tafi ana yayyafi, shi ya miƙa mata lemarsa.

Muka hau jirgin komawa Birmingham ni da Zuwaira. Sai da muka yi nisa ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tun kafin in karanta sunan na gane sa hannun. Shi ne a kan duk takardun sakamakon jarrabawata. Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Kunya, Zuwaira. Na fi jin kunyarki a kan ta Turawan nan duka."

Ta share ido da bakin mayafinta. Kwana ɗaya cur tana gaishe ni gaisuwar wajibi kawai. A rana ta biyu ta ce in sa riga, ta kai ni wani shago ta saya mini soyayyen kifi da dankali a takarda, muka zauna a benci muna ci da hannu, iska tana kaɗa mu. Da za mu tsallaka titi ta kama hannun rigata ta ce in duba dama tukuna, don motocinsu hannun hagu suke bi. Daga nan na san ta huce.

Kafin in baro Ingila Farfesa ya aiko mata da saƙo. Ya ce zai janye misalin Kwarin Ɗorawa daga rubutunsa, zai kuma rubuta wa kwamitin, yana so su haɗa bayanin gyaran tare, sunanta a gaba. Ko hakan zai sa a kawo aikin yankinmu, ban sani ba, ita ma ta ce kada in yi wa kowa alkawari. Ta ba ni kwafin abin da suka rubuta, shafi uku.

Mako ɗaya da dawowata na hau mota zuwa Kwarin Ɗorawa. Na sa Malam Ado ya tara waɗanda suka rage cikin manoman, muka zauna a inuwa bayan azahar. Na gaya musu abin da na sa wa hannu a kansu, da inda takardar ta je, na roƙe su gafara. Wani ya tashi ya tafi abinsa, ban kuma ga laifinsa ba.

Malam Ado ya ce, "Malamin gona, ka cuce mu, amma ka zo da ƙafarka ka faɗa. Na yafe. Wato duk shekarun nan ana can ana gardama a kanmu, mu ba mu sani ba?"

Na ce haka ne. Ya ce to wannan sabuwar takardar, kafin ta tafi, a karanta musu ita. Na buɗe na shiga fassarawa layi-layi, suna gyaɗa kai. Ina cikin shafi na biyu ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya. Ta ce tumatir ne ya bushe?"

Na ce haka aka rubuta.

Ya ce, "Albasa ce. Tumatir a shekarar farko muka yi, ya kuma yi kyau. Kira ta."

Na kira Zuwaira na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da kunnensa yana ɗaga murya, ya ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Ki gaya wa Baturen nan ya gyara, albasa ce. In za a kai maganarmu Amurka, a kai ta daidai."

Ina jin muryarta daga inda nake zaune. Ta ce, "To, Baba Ado, na ɗauko biro. Sai me kuma?"

Ya gyara zama a kan tabarma, ya ce mini in ci gaba da karatu.